Askar Kawu da Kwalbar Bawku

A gidanmu na Salaga babu kan da bai bi ta hannun Kawu ba. Wan mahaifiyata ne, wanzami ɗan wanzami, kuma duk jaririn da aka haifa a danginmu, ko a Tamale ne ko a Kumasi, sai an aiko masa ya je ya yi askin suna. Ni ma shi ya aske ni. Mma, mahaifiyar tawa, ta ce ko motsi ban yi ba, maganar da har yau waɗanda suka san ni ba su yarda da ita ba, don tun ina ƙarama ba a taɓa ni in yi shiru.

Dangin mahaifina jikokin fataken goro ne da suka koma cinikin doya, masu jin kai ne na ƙarshe, amma ko su idan aka zo kan aska sai su ajiye girman a gefe su sunkuyar wa Kawu da kai. Yana zama a gindin wata dalbejiya kusa da inda ake loda doya, da tabarmarsa da zabirarsa, wato jakar fatar da yake zuba asake da ƙaho. Na sha tsayawa kallonsa idan an aike ni kai masa koko. Ba ya gaggawa, ba ya hira da aska a hannu. In ya gama sai ya rufe ido ya bi kan da yatsunsa tun daga goshi har ƙeya, don a cewarsa ido yana iya barin gashi a baya, yatsa kuwa ba ya bari. Ina son wannan rufe idon nasa ƙwarai, har nakan kwaikwaye shi a kan ƙwaryar Mma.

Abu guda Kawu ya tsana a duniya, shi ne giya. Idan mutum ya zauna masa yana warin burukutu, sai ya naɗe askarsa ya ce masa ya je ya dawo gobe da bakinsa na gaskiya. Har faɗa ya taɓa yi da wani direba a kan haka, direban ya rantse ba zai sake zuwa ba, bayan mako ya dawo da kansa kamar gonar da ba a nome ba. Na faɗi wannan ne don a gane cewa abin da ya same shi daga baya ba wanda zai taɓa kawo shi a rai.

Ciwon ƙugu ne mafarin komai. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a tsugune dole wata rana ƙugu ya tambaye shi hakkinsa. Ya je Bawku wani suna, doguwar tafiya a lori ta ƙarasa ɗaure masa baya, har ya kasa ruku'u. A tasha wani mai magani ya ba shi kwalba cike da saiwoyi da ɓawon itace, an jiƙa su a wani ruwa ja-ja, ya ce ya riƙa shan murfi ɗaya. Kawu ya yi bisimilla ya sha. Abin ya ƙone masa maƙogwaro, ya ce lallai akwai citta da barkono a ciki, kuma kafin ya kai masauki ciwon ya sake shi. Mai maganin ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya ƙara ruwa in ya ƙare, ruwan na musamman ne, sai dai ya aiko a cika masa. Daga nan direbobin da ke kawo albasa daga Bawku su koma da doya suka zama 'yan aikensa.

Mu duka mun san kwalbar nan. Kwalbar Bawku muke ce mata, wurin zamanta kan kanta kusa da carbinsa. A zaune yake sha, da hannun dama, ya goge baki ya ce alhamdulillahi, ya jefa goro. Ɗacin saiwoyin da kanumfari da goro suka rufe warin, mu kuma dama ba gidan da aka san warin ba ne. Murfi ɗaya ya zama biyu, na safe ya samu na rana, kwalba ta koma jarka. Ko da azumi ba ya fashi, yana sha bayan buɗa-baki ya ƙara da sahur. Shekaru aka yi a haka, muna yi wa mai maganin Bawku addu'a.

Ƙafafu ne suka fara magana. Ya ce tafinsa yana zafi kamar ya taka garwashi, daga baya ya ce kamar ya sa safa mai kauri alhali ba komai a ƙafar. Wata Juma'a ya dawo daga masallaci da takalmi ɗaya, ɗayan ya zame a hanya bai ji ba. Muka yi ta dariya, shi ma ya taya mu. Dariyar ta tsaya ranar da matarsa, wadda muke kira Inna, ta ga ƙafarsa ta sale, ashe ruwan alwalar da ya zuba tafasasshe ne bai sani ba. Tafiyarsa ta sauya, yana buɗe ƙafa kamar mai tsallaka kwata. Sai mantuwa ta shigo. Zai iya jera maka sunayen kakannin kowa a unguwa, amma ya tambaye ka ya gida sau uku a zama ɗaya. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya a gida ba ya fara faɗa a kan gishirin miya.

Mafi muni shi ne hannu. Da asuba yakan tashi hannunsa yana rawa har kofin shayi ya gagare shi. Amma da ya sha murfinsa, cikin ɗan lokaci hannun sai ya tsaya cak, ya ɗauki zabira ya fita aiki. To wa zai zargi maganin da yake tsayar da hannu a gaban idon kowa? Ƙara masa daraja ma aka yi.

Tunda dole a sami mai laifi, sai aka samo shi a bakin tasha. Akwai wani wanzami a can, ɗan ƙasar Gonja, wanda ya wuce ƙuruciya amma bai kai Kawu ba, hannunsa kuma ba laifi. A wajen wanzamai tsohuwar magana ce cewa wani yana iya ɗaure wa wani aska ko ya jefe shi don ya kwashe masa kawuna. Mma ta ɗauki wannan magana ta ɗora a kanta kamar tulu. Ta daina amsa gaisuwar matar mutumin, ta hana mu sayen ƙosai a layinsu. Aka yi rubutu aka sha, aka yi hayaƙi har kajin gida suka fara tari. Kawu dai bai taɓa ambaton sunan kowa ba, amma bai hana ba. Shi kuwa na bakin tasha, in ya haɗu da mu sai ya gaishe mu ya wuce, bai taɓa kare kansa ba.

Asirin ya tonu ne a Yendi, a gidana. Lokacin ban daɗe da aure a can ba, ina da ƙaramin ciki. Kawu ya zo wani suna ya sauka wajenmu, a hanya kuma wani ya ɗora buhu a kan kayansa kwalbar ta fashe. Ya ce ba komai, kwana nawa ne. Washegari sai gumi da rawar jiki, ya kasa cin komai. Kafin a je ko'ina ya fara nuna bango yana cewa a kore masa cinnaku, bangon kuwa fes. Da ya faɗi yana mimmiƙewa muka kwashe shi sai asibiti.

Likitan ya duba shi, ya ɗan bubbuga masa gwiwa, ya soka masa abu mai tsini a tafin ƙafa Kawu bai ko ƙifta ba. Sai ya ja ni gefe ya tambaye ni a hankali ko tsohon yana shan giya. Allah ya sani, da ba don ina da ciki ba da an ji mu a kasuwar Yendi. Na karanta masa tarihin Kawu tun daga kakansa, na ce in ba su san ciwon ba su ce ba su sani ba. Bawan Allah ya bar ni na gama, ya ce ya ji, amma duk abin da tsohon yake sha da sunan magani a kawo masa ya gani.

Ba sai mun aika ba. Labari ya riga ya kai gida, da yamma sai ga Inna daga Salaga da jarka a cikin zane, don ita a lissafinta rashin maganin ne ya kwantar da mijinta, kuma ta wani ɓangaren ba ta yi kuskure ba. Tana buɗe murfin a bakin gado wata nas, dattijuwa Badagomba, ta juyo da sauri. Ta karɓi jarkar ta shinshina, ta ce mu biyo ta baranda. Ta ɗan zuba a wani farantin ƙarfe, ta ƙyasta ashana. Wuta ta kama, shuɗiya, tana lasar farantin ba hayaƙi.

“Mama, ka gani?” ta ce wa Inna da irin Hausarsu. “Magani ba ya cin wuta. Wannan akpeteshi ne, an sa itace ciki.”

Akpeteshi ita ce giyar nan mai ƙarfi da ake tacewa daga bammi ko rake, wadda ko 'yan burukutu suke jin tsoronta. Inna ta tsaya tana kallon wutar har ta mutu. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba, ta dai nemi wuri ta zauna a ƙasa.

Likitan ya yi mana bayani da harshen da za mu gane. Ya ce giya guba ce ga jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki, kuma takan fara da mafi nisa, shi ya sa ƙafa ta riga hannu mutuwa. Tana kuma hana jiki amfana da wani sinadarin bitamin da ƙwaƙwalwa ba ta iya aiki sai da shi, daga nan mantuwa take zuwa, sashen da ke daidaita tafiya kuma ya yi rauni. Rawar asuba kuwa jiki ne yake neman abin da ya saba da shi, shi ya sa murfi ɗaya yake tsayar da ita na ɗan lokaci yana kuma ƙara ɓarnar. Ya ce wanda jikinsa ya saba haka bai kamata ya yanke lokaci ɗaya shi kaɗai a gida ba, yana iya rasa ransa, mu gode wa Allah da muka kawo shi. Suka yi ta yi masa allurai. Da na tambaya ko zai koma yadda yake, sai ya ce wani abu zai dawo, wani kuma ya tafi kenan.

Da hankalinsa ya dawo, Mma, wadda ta iso a lokacin, ta ce kada wanda ya gaya masa, a ce ciwon shawara ne ya kama shi, don labarin kaɗai zai iya kashe shi. Inna mace ce mai sanyi, ban taɓa ganin ta ja da Mma ba sai ranar. Ta ce in an ɓoye masa, yana komawa gida zai aika Bawku. Ta shiga ta zauna a gefen gadon ta gaya masa komai ba ta rage ba.

 Na ɗauka sallolinsa zai fara tambaya, ya kuwa tambaya daga baya, malamai suka kwantar masa da hankali cewa Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Amma abin da ya fara fita daga bakinsa daban ne.

“Jariran nan fa?” ya ce. “Duk na ɗora musu aska da wannan abu a cikina.”

Akwai masu cewa ai ya sani, ba yadda za a yi mutum ya sha shekaru bai gane ba. Ni dai na ce wanda bai taɓa ɗanɗana abu ba, da me zai gane shi? Amma shi Kawu bai karɓi wannan kariya tawa gaba ɗaya ba. Ya ce mini akwai ranakun da daɗin da yake ji ya wuce na sakin ƙugu, ya so ya tambaya me ake zubawa a ciki, sai ya ƙi tambaya don kada a ba shi amsa. Wannan magana ta ƙara masa girma a idona fiye da duk askin da ya taɓa yi.

Da ya koma Salaga kowa ya zaci zai shige ɗaka ya rufe ƙofa. Sai ga shi a gindin dalbejiyarsa, da sanda, da zabira. Ba aski ya koma yi ba. Ya zuba sauran ruwan jarkar a wata ƙaramar kwalba, ya sa a zabira tare da faranti da ashana, duk wanda ya zauna gaishe shi sai ya kunna masa wutar nan ya ce ga abin da ya ci masa ƙafa. Mma ta ce ya zubar da mutuncin gida a kasuwa. Ya ce mutuncin da za a tsare da ƙafafun mutane ba ya so. Ashe ba shi kaɗai ba ne mai kwalba. Dattawa masu gemu da tabon salla suka riƙa zuwa a kaikaice, kowa da tasa a cikin aljihun riga, wai ta wani abokinsa ce yake so a gwada masa.

Ba da sauƙi ya rabu da giyar ba. Inna ta ce akwai safiyar da zai zauna yana kallon zabirar gumi yana keto masa, sai ya tashi ya kama sanda ya yi ta zagaya tsofaffin rijiyoyin gari har abin ya sake shi. Ita kuma ta tsaya masa da abinci, wake da gyaɗa da hanta da ganye, tana duba masa tafin ƙafa kullum ko ya taka ƙaya bai ji ba. A hankali tafiyar ta ɗan daidaita, faɗan ya tafi, mantuwar ta ragu. Hannun ne dai bai daina rawa ba, yatsun kuma ba su dawo da jinsu ba.

Cikina ya tsufa na dawo gida haihuwa, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Na sami ɗa namiji mai gashi cunkus. Tun daga ranar da na haihu tsoro ya zauna mini a ƙirji, don na san al'adar gidanmu, kuma ba wanda ya isa ya ce wa Kawu an nemi wani. Ina son Kawu kamar raina, amma duk lokacin da na taɓa maɗigar yaron nan tana motsi a ƙarƙashin yatsana sai in tuna kofin shayi. Na rasa wanda zan gaya wa.

Ranar suna da hantsi, bayan an raɗa suna an yanka rago, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Mma, aka kawo ruwan ɗumi da sabulu. Kawu ya zauna ya buɗe zabira. Ina daga bakin ƙofa da yaro a hannu, na ga askar tana rawa tun kafin ya gama zaro ta. Mma ma ta gani. Ta durƙusa kusa da shi ta rage murya, amma na ji ta.

“Yaya, murfi ɗaya kawai. Na yau kaɗai. Larura ce, Allah ya gani.”

Ba mugunta ce ta sa ta faɗi haka ba. Wanta take so ta ga ya fita kunyar jama'a, kuma dukanmu mun san gaskiya ne, murfi ɗaya zai tsayar da hannun har a gama. Kwalbar tana nan a cikin zabirar, wuyanta ma a waje. Na ƙanƙame ɗana, na riga na yanke cewa in ya kai hannu gare ta zan shige ɗaki in sa sakata, duk abin da za a ce a ce.

Kawu bai ko kalli kwalbar ba. Ya miƙa hannunsa a gabansa ya dube shi kamar baƙo, sannan ya ɗaga kai ya ce wa mijina ya leƙa zaure ya ce wa baƙonsa ya shigo. Wanzamin bakin tasha ne ya yi sallama. Mma ta miƙe tsaye.

“Tun jiya na je na roƙe shi gafara, ni da ku duka,” in ji Kawu. “Bai ɗaure mini aska ba, ni na ɗaure abata.”

Ya juya askar ya miƙa masa ta ƙota, askar da ya gada daga kakanmu, wadda ko taɓa ta ba a bari mu yi. Mutumin ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Mma ta ja mayafi ta rufe fuska, bayan ɗan lokaci kuma ita da kanta ta matso masa da ƙwaryar ruwan.

Ya yi askin tsaf, yaro yana ta barcinsa. Kawu yana gefe ya ɗora hannayensa a kan gwiwa, idonsa bai bar askar ba ko sau ɗaya. Da aka gama ya ce in kawo masa jikansa. Na ɗora masa shi a cinya ina tallafe da shi ta ƙasa. Ya rufe ido kamar yadda ya saba, ya bi kan da yatsunsa daga goshi zuwa ƙeya. Na ga fuskarsa ta sauya, na gane ba ya jin komai. Hawaye suka zubo mini ban ɓoye su ba.

Bai buɗe idon ba. Ya sunkuya a hankali ya ɗora kumatunsa a bisa askakken kan yaron, ya bi da shi ta dama, ya dawo ta hagu, ya tsaya a bayan kunne.

“Malam,” ya ce wa wanzamin bakin tasha, “ka bar gashi a nan.”

Aka duba, yana nan kuwa.